Matambayi Ba Ya Ɓata: Ƙauyen Turawa da Namu

Tun da na taɓo zancen zaman da na yi a wani ƙauye na Ingila lokacin da aka tura mu kwas, wasiƙu suke ta shigowa. Na tsamo huɗu. Masu tambaya a kan fansho su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Baba Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce. Allah ya sa na sami aiki a wani asibiti a Ingila, kuma ɗakin da aka samo mini mai sauƙin haya yana wani ƙauye kusa da garin. Inna ta tada hankalinta, ta ce yaya za a yi in bar birnin Daura in ƙetare teku in je in tare a ƙauye. Don Allah yaya zaman ƙauyensu yake?
Daga Daura

AMSA: 'Yata, ki gaida Inna da kyau, ki ce ta kwantar da hankalinta. Abin da take hangowa, wato guga da aci-balbal da hanyar da mota ba ta shiga da damina, ba shi za ki tarar ba. Akwai famfo, akwai wuta, kwalta har ƙofar gida. A can mai hali ne yake gudowa ƙauye, talaka kuwa ya matsu a birni. Gidan dutse mai rufin ciyawa, wanda da a nan ne sai a ce mai shi bai tara komai ba, a can sai wane da wane.

Ƙauyen da na zauna yana kusa da garin Newark a yankin Nottingham. Mutanensa 'yan ɗaruruwa ne, amma manoman cikinsu yatsun hannu sun ishe ki ƙirga su. A duk ƙasar ma wajen mutum ɗaya ne cikin ɗari ke aikin gona, tarakta ta cinye sauran. Mazauna ƙauyen yawancinsu 'yan fansho ne, sai likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki masu tuƙi zuwa birni da safe su dawo da dare. Samarin da aka haifa a wurin ba sa iya sayen gida a garin ubansu, sai su yi gaba.

To amma ba a ba da ɗaki da araha a banza. Kafin ki sa hannu a takarda, ki tambayi maganar mota. Akwai ƙauyen da bas ke shiga sau biyu ko uku a yini, akwai wanda ran Lahadi ko ɗaya babu, kuma ke mai aikin dare ce. Da can jirgin ƙasa na ratsa karkara, sai rahoton da Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa, ya fitar a 1963 ya ba da shawarar a rufe tashoshi sama da 2,000, aka kuwa rufe mafi yawansu. Babu ɗan acaba, babu mai Keke Napep da za ki ɗaga wa hannu. Abin da kika rage a haya, tasi na iya cinye shi ya nemi ƙari. Ki kuma tambayi da me ake ɗumama gidan, domin ƙauyuka da yawa bututun gas bai kai su ba, mai ake saye a zuba a tanki, kuma ki ji ko kuɗinsa na cikin hayar. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, a watan Yuni kuwa sai bayan tara da rabi. Ki sa wannan a lissafin sallarki da azuminki.

Masallaci babu, mahauci mai yankan Musulunci babu. Sai kin shiga manyan garuruwa irin su Nottingham ko Leicester ko Bradford, ki sayo naman wata guda ki jibga a firij. Daddawa da kuka da yaji, waɗannan Inna ta san aikinta, amma kada a sa miki kilishi a kaya, ba a yarda a shiga da nama ba.

Abin da zai fi damunki shiru ne. Ba kiran salla, ba mai tallar fura, ba yara a layi. Sai ƙararrawar coci da kukan tumaki. Maƙwabci zai gaishe ki, ya ce yau kam an yi ruwa, ya ja karensa ya wuce. Ba ƙiyayya ba ce, haka suke yi wa junansu. Ba a faɗo wa mutum gida da sallama kawai, sai an sa rana da lokaci. Za a kalle ki da hijabinki, yawanci kallon son sani ne, jefi-jefi kuma a sami mara kunya, kamar ko'ina. In kina son shiga cikinsu, ƙofar ita ce zauren taron ƙauye. Nan ake shan shayin safe, nan ake shirya 'yar kasuwar shekara da suke yi a filin tsakiyar gari lokacin zafi, da gasar wanda kabewarsa ta fi girma. Ki soya dubulan ki kai. Tsohuwar da na zauna gidanta ba ta taɓa tambayata ko ina da iyali ba sai ranar da na taya ta jera kujeru a zauren nan.

Wani abu kuma da za ki ba Inna labari. A ƙofar wata gona da nake wucewa akwai ɗan akwatin katako a kan turke, ciki an jera ƙwai shida-shida a kwali, ga farashi an rubuta da alli, ga gwangwanin alewa an huda murfinsa. Ba kowa a wurin. Ka ɗauka, ka jefa kuɗi, ka yi gaba. Ba na cewa ba ɓarawo a Ingila, akwai su har masu satar tarakta sukutum. Amma ƙwan nan dai kullum yana nan.

TAMBAYA: Malam, suna da dagaci da mai unguwa kamar mu?
Wani ɗalibi daga Dutsin-Ma

AMSA: Babu, ɗana. Da suna da ubangidan ƙasa, mai babban gida, wanda gonakin ƙauye nasa ne, shi da limamin coci ke juya gari. Tun dokar 1894 aka koma wa majalisar ƙauye ta zaɓe. 'Yan majalisar yawanci ba a biyansu ko sisi, magatakarda kaɗai ke da ɗan albashi. Aikinsu yankan ciyawar filin wasa, gyaran rumfar jiran bas, da faɗin ra'ayinsu in wani zai yi sabon gini. Sau da yawa sai an yi roƙo kafin a sami masu tsayawa takara. Ba rawani, ba algaita, ba mai faɗuwa ya yi gaisuwa. Shugaban tamu majalisar tsohon likitan dabbobi ne, shi ke buɗe zaure, shi ke kashe fitila in an tashi.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, ina koyarwa a firamare. Na ji ana cewa Bature ɗan ƙauye zai iya faɗa maka tarihin ƙauyensu na shekara ɗari tara. Ni kuwa na tambayi dattawan garinmu wanda ya sari garin, uku suka ba ni suna uku. Shin sun fi mu riƙe tarihi ne, ko mene ne sirrin?
Wani malami daga Mashi

AMSA: Malam, ba su fi mu kai ba. In don riƙewa a ka ne, maroƙin Sarkin Daura zai jero maka sarakuna tun daga magajiyoyi ba tare da ya duba takarda ba, Baturen ƙauye kuwa da ƙyar ya san sunan kakan kakansa in bai je ya bincika ba. Abin da suka fi mu shi ne takarda, kuma takardar nan ba don son tarihi aka fara rubuta ta ba. Haraji ne ya kawo ta.

A 1066 Wiliyam na Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Bayan shekara ashirin, a 1086, ya so ya san abin da ya ci, sai ya baza malamai gari-gari suna tambaya: wa ke da ƙasar nan kafin mu zo, wa ke da ita yanzu, garma nawa, magidanta nawa, injin niƙa na ruwa nawa, dajin aladu nawa zai ɗauka. Aka rubuta da Latin a kan fata. Shi ne kundin Domesday, wurare sama da 13,000 ne a ciki, kuma yana nan a ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kew a Landan. In ka ji ɗan ƙauye na alfahari da shekara ɗari tara, to layi uku ko huɗu ne a kundin masu karɓar haraji.

Sai 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umarni kowace coci ta riƙa rubuta duk wanda aka yi wa wankan shiga addini, da duk aure, da duk wanda aka binne. Wasu rajistocin ɓera ya ci, wasu ruwa ya lalata, amma da yawa sun tsira. Aka fara ƙidayar jama'a a 1801, daga 1841 kuma aka riƙa rubuta sunan kowa gida-gida, in an shekara ɗari a buɗe wa mai son gani. Ga taswirorin gonaki da aka zana bayan dokar 1836 kan ushirin coci, kowace gona da lambarta da sunanta da mai nomanta. Ka kwatanta da mu da muka cika kotu muna rantsuwar shekaru, rabin ajinmu an haife su ran 1 ga Janairu.

Bari in ba ka misalin abin da rajista ke iya yi. Akwai ƙauyen Eyam a yankin Derbyshire. A 1665 aka aiko wa wani tela ƙunshin yadi daga Landan, inda annoba ke ci, ana zaton da ƙuma a ciki. Yaron telan da ya buɗe shi ya fara mutuwa. Da abin ya yi tsanani a shekarar da ta biyo, limamin cocin, William Mompesson, da wani tsohon limamin cocin, Thomas Stanley, suka shawo kan mutanen gari a kan kada kowa ya fita, don kada a kai wa maƙwabta. Ana ajiye musu abinci a bakin iyaka, su kuma su bar kuɗi cikin ramukan wani dutse da aka zuba wa ruwan khal. Wajen mutum 260 suka mutu, har da matar limamin. Wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. Da na tsaya gaban kaburburan nan, an kewaye su da ɗan gini na dutse a tsakiyar makiyaya, hadisin nan ne ya zo mini, wanda ya ce in annoba ta sauka a ƙasa kuna cikinta kada ku fita, in kuna waje kada ku shiga. Abin da nake so ka lura da shi: sunan kowane mamaci da ranar da aka binne shi suna cikin rajista. Mu ma an yi yunwar Kakalaba a 1914, ta kashe mutane ba adadi a ƙasar nan. Kawo mini sunan mutum goma daga Mashi da ta tafi da su.

Haka kuma kusan kowane ƙauye akwai dutsen tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, da sunayensu a sassaƙe. A namu ƙauyen sunan gida ɗaya ya fito sau uku a jere. Ƙauyukan da duk samarinsu suka dawo da rai ba su wuce hamsin da 'yan kai ba a faɗin Ingila da Wales.

Amma takarda ba ta karanta kanta. Abin da ya fi burge ni shi ne masu kula da ita ba furofesoshi ba ne. Ƙungiyar tarihin ƙauyenmu tsofaffi ne, malamar makaranta mai ritaya, tsohon ma'aikacin gidan waya, da wani manomi da gwiwa ta hana shi hawa tarakta. Suna haɗuwa sau ɗaya a wata. Wannan ya kwafe rubutun da ke kan duwatsun kaburbura kafin ruwa ya shafe, wancan ya bi gida-gida yana aron tsofaffin hotuna, wata ta ɗauki muryar 'yan shekara casa'in. Su buga ɗan littafi mai shafi arba'in su ajiye a bakin ƙofar coci.

Kada kuma ka ce mu ba mu da takarda. Turawan mulki sun yi mana irin abin da Wiliyam ya yi musu, kuma don dalili ɗaya. Di'o-di'o sun zaga gundumomi suna rubuta rahoton kimanta haraji: sunan gari, dagacinsa, yawan magidanta, masaƙa da marina da maƙera, har da abin da dattawan lokacin suka faɗa game da asalin garin. Waɗannan fayiloli suna ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna, ga kuma Gidan Arewa. A nan Katsina akwai Hukumar Tarihi da Al'adu, akwai gidan tarihi a tsohon ginin Kwalejin Katsina. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa a 1967, ta bi gandu-gandu tana tambayar wa ke da gona, wa ya sayar, wa ke ƙodago, ta fitar da littafinta Rural Hausa a 1972. Ina shakka ko an sami kwafi biyar a Batagarawar. Ga kundayen malamanmu na zaure, waɗanda sau da yawa a bayan shafi za ka ga an rubuta da ajami ranar da wane ya rasu, ko shekarar da fara ta zo.

Dattawanka uku da suka ba ka suna uku, kada ka zaɓi ɗaya ka yar da biyu. Rubuta duka, da sunan wanda ya faɗa, da wajen wanda shi ya ji. Sau da yawa za ka tarar ɗaya maharbin da ya fara sauka ne, ɗaya wanda ya haƙa rijiya, ɗaya wanda aka fara naɗa wa rawani. Kada ka tambaye su shekara, tambaye su abin da ya faru: kafin a daina haraji da jangali zamanin Balarabe Musa ne ko bayan nan, kafin farin 1973 ne ko bayansa. Ka fara da tsofaffin mata, su ne suka san wa ya auri wa. Wayarka ta isa ɗaukar murya. Ka sa 'yan aji shida kowa ya kawo sunan gonakin gidansu da dalilin sunan.

TAMBAYA: Malam, mu nan kullum cikin rikicin iyakar gona muke, ga na makiyaya. An ce Turawa ba su san wannan ba. Gaskiya ne?
Wani manomi daga Mai'adua

AMSA: Alhaji, sun san shi, sai dai nasu an gama shi tuntuni, kuma ba talaka ne ya ci ba. Da can ƙauyen Ingila fili biyu ko uku ne manya-manya ba shinge, an yanka su ƙyalle-ƙyalle, kowane magidanci da nasa a warwatse, ga makiyayar gari inda kowa ke sakin saniyarsa ya yi itace. Da ulu ya yi daraja sai iyayen ƙasa suka ga tunkiya ta fi ɗan Adam riba. Akwai Wharram Percy a Yorkshire, wajen shekara ta 1500 aka kori iyalan ƙarshe aka zuba tumaki. Yau kufai ne, sai kangon coci da tudun gidaje, an shekara arba'in ana tono shi daga 1950 zuwa 1990. Daga baya majalisar dokoki ta shiga, tsakanin 1604 da 1914 ta yi dokoki sama da 5,200 na killace ƙasa, eka kusan miliyan bakwai. Mai ƙaramin rabo da ba ya iya biyan kuɗin awo da na shinge ya sayar, mai saniya ɗaya ya rasa inda zai kai ta, suka cika masaƙun Manchester da Leeds. Shingen nan kore da ake ɗauka a hoto, da yawansu tarihinsu ke nan. Ga shi manyan gidaje babban ɗa ke gaje ƙasa dungurungum, ba a raba ta kamar yadda muke rabon gado.

Ƙauye ɗaya ya rage da tsohon tsari cikakke, Laxton, ba nisa da inda na zauna. Har yau filayensu uku ne: ɗaya alkama, ɗaya shukar bazara, ɗaya a bar shi saura, shekara ta zagayo a juya. Akwai taswirar garin ta 1635 a Oxford, kowane ƙyalle da lambarsa. Wajen ƙarshen Nuwamba manoma goma sha biyu da aka rantsar sukan hau tirelar tarakta su shiga fili da guduma da turaku. Na ga turakun nan, itace ne da bai kai kamu biyu ba a sama, a jere bakin ciyawar da ba a nomawa. Duk inda garmar wani ta ci hanya ko ta shiga iyakar gari, a kafa turke a rubuta sunansa. Bayan mako guda kotun gari ta zauna a mashayar ƙauyen, a karanto laifin kowa a gabansa, ya yi musu in yana da bakin yi, a ci shi tarar 'yan fam kaɗan. Dokar 1977 da ta ƙwace ikon irin waɗannan kotuna ta ware ta Laxton ta bar mata nata. Suna ma da ɗan garke na bulo inda da ake tsare dabbar da ta yi ɓarna, kamar yadda ake kai wa mai unguwa akuya da damina sai an biya.

Ba tarar ce ke aiki ba, ba ta kai kuɗin man tarakta na yini ba. Duk shekara ake zagayawa, kafin taku ɗaya ya zama kadada, kuma masu zagayen maƙwabtanka ne, baɗi kai ma kana cikinsu. Burtalolinmu da aka cinye, ba dare ɗaya aka cinye su ba, kunya ɗaya-ɗaya aka riƙa ƙarawa kowace damina ba wanda ya kafa turke. In dagacinku zai yarda, ku gwada bayan an kau da amfanin gona: manoma shida, Fulani shida, da malamin makaranta mai riƙe littafi.

Maganar makiyaya masu yawo kuwa, babu su a can. Kowace saniya da lamba a kunnuwanta da takardarta, ba a kai ta wata gona sai an sanar da hukuma, kuma mai shanun shi ne mai makiyayar ko mai hayarta.